Jahilcin Ganganci: Yadda Turai Ta Manta da Afirkar da Ta Sani

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan ƙasar Sikotland mai suna Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, aka kai shi gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan gaisuwa da miƙa tsaraba, hira ta gangaro kan addini. Bello ya tambaye shi wane ɓangare na Kiristanci mutanen Ingila suke bi, ya ambaci tsofaffin ɗariƙun Nasara irin su Nasturiyya, ya yi ta jero tambayoyi har baƙon ya amsa da bakinsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Clapperton da kansa ya rubuta haka, kuma labarin tafiyar ya fito a Landan a 1826, haɗe da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri na Bello da taswirar ƙasa da aka zana masa a Sakkwato. Da ya komo karo na biyu ya kawo wa Bello littafin lissafin Uƙlidis na Girka da Larabci, sai Bello ya ce masa ai gidansu sun taɓa mallakar kwafe da aka zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi. A cikin waɗannan shekarun dai, can a jami'ar Berlin, masanin falsafa Hegel yana karantar da ɗalibansa cewa ƙasar baƙar fata ba ta cikin tarihin duniya, babu motsi a cikinta, babu ci gaba, har yanzu ba ta fita daga ƙuruciyar ɗan Adam ba.

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma duhun rashin sani yana da sauƙin kora, da an kunna fitila ya tafi. Wanda bai taɓa jin labarin Kano ba, in ka ba shi labari shi ke nan ya sani. Abin da ya daɗe tsakanin Turai da Afirka wani iri ne daban: jahilci na ganganci, wanda aka gina bayan sani ya riga ya zo, aka yi ta yi masa yaɓe shekara da shekaru saboda akwai masu cin moriyarsa. Shi ya sa hujja ba ta kashe shi. Mai barcin gaske ana taɓa shi ya farka, mai barcin ƙarya kuwa ko ganga aka buga a kansa sai ya ƙara gyara kwanciya. Wanda bai lura da wannan ba zai yi ta mamakin yadda a 1963, shekara 137 bayan fitowar littafin Clapperton, shehin malamin tarihi na jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya iya cewa babu wani tarihi a Afirka sai na Turawan da suka shige ta, sauran duk duhu ne. Zai kuma yi mamakin yadda a 2007 shugaban Faransa Nicolas Sarkozy ya tsaya a jami'ar Dakar, wadda ke ɗauke da sunan Cheikh Anta Diop, ya ce mutumin Afirka bai shiga tarihi yadda ya kamata ba.

A waiwaya a ga irin sanin da Turai ta yi wa Afirka kafin ta ga damar mantawa. Taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375 tana ɗauke da hoton Mansa Musa na Mali a kan gadon sarauta, da kambi a kansa da curin zinariya a hannunsa. Littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an buga shi a Venis a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara, ya kuma ce a kasuwar Tambutu babu hajar da ta fi littattafai riba. A 1608 jakadan sarkin Kwango ya isa Roma wurin Fafaroma, ya rasu a can, aka binne shi da girmamawa a ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin. A 1734 Anton Wilhelm Amo, haifaffen Axim a ƙasar Ghana ta yau, ya sami digirin dakta a jami'ar Wittenberg, daga baya ya koyar da falsafa a Halle da Jena. Shekara 19 kacal bayan haka David Hume ya rubuta cewa ba a taɓa ganin baƙar fata ko ɗaya da ya yi fice a aiki ko a tunani ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan shi ne ƙarnin da cinikin bayi ta tekun Atlantika ya kai ƙololuwa, cinikin da a ƙarshe ya kwashi mutum wajen miliyan 12 da rabi. Mutum ba ya iya ɗaure ɗan'uwansa da sarƙa, ya jera shi a cikin jirgi kamar buhun gero, ya kuma tafi coci ranar Lahadi da kwanciyar rai, sai ya fara shawo kan kansa cewa abin da ya ɗaure bai cika mutum ba. Buƙatar raini ta riga hujjar raini zuwa, masana suka biyo baya suna ɗinka mata riga.

Da cinikin bayi ya mutu aka shiga rabon ƙasa, sai tatsuniyar ta sake kaya. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya zaga kasuwa da karofi, ya rubuta yadda rinannun tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya yaba cewa sana'ar tana ciyar da iyalai a cikin gidajensu ba tare da an cusa su a manyan masana'antu irin na Turai masu ƙasƙantar da ma'aikaci ba. A Gwandu ya sami kwafen Tarikhus Sudan ya kwashi abin da ya iya. Mujalladi biyar ya fitar da Ingilishi da Jamusanci tsakanin 1857 da 1858, suna nan a ɗakunan karatu lokacin da aka zauna taron Berlin a 1884 ana maganar kai wa Afirka haske. To yaya za a yi da abin da ido ya gani wanda ba ya musuntuwa? Sai a ce ba aikin baƙar fata ba ne. Da Karl Mauch ya ga ganuwar dutse ta Babbar Zimbabwe a 1871, wadda aka jera ba siminti ba ƙasa, tsayinta ya kai mita 11 a wasu wurare, ya ce fadar Sarauniya Bilkisu ce. Theodore Bent, wanda ya je a 1891 da tallafin kamfanin Cecil Rhodes, ya jingina ta ga Finikiyawa ko Larabawa. Masu haƙar tarihi sun tabbatar tun 1905, suka sake tabbatarwa a 1929, cewa kakannin mutanen wurin ne suka gina ta, amma gwamnatin Turawan Rodeshiya ta ci gaba da murɗe bayanin, har masanin da ke kula da kayan tarihin ƙasar, Peter Garlake, ya bar ta a 1970. Haka Leo Frobenius ya ga kan tagulla na Ife a 1910 ya ce ragowar Atlantis ne, birnin almara da aka ce teku ta haɗiye. Ya fi masa sauƙi ya gaskata birnin da ba a taɓa gani ba da ya yarda Bayarabe ne ya zuba tagullar.

Wannan dabara ta sami suna a makarantu, wato ra'ayin Hamawa, wanda C. G. Seligman ya taƙaita a littafinsa na 1930: duk wani abin kirki a Afirka wasu masu hasken fata ne daga arewa maso gabas suka shigo da shi. A Arewacin Nijeriya da wannan tabarau Turawan mulki da yawa suka kalli Fulani, suna yabonsu a kan dogon hanci da hasken fata, kamar jihadin 1804 ba a kan littafi da hujja ya tsaya ba. A Ruwanda abin ya wuce yabo. Beljiyam ta rubuta ƙabilar kowa a katin shaida tun farkon shekarun 1930, ta koyar da cewa Tutsi baƙi ne daga Habasha. A 1992 wani ɗan siyasa, Léon Mugesera, ya yi jawabin da ya ce za a mayar da su Habasha ta kogin Nyabarongo, kuma bayan shekara biyu kogin ya cika da gawa. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, wannan kam ta haifa har da jikoki.

Sai dai talakan Turai ba ya karanta Hegel ko Seligman. Ta littafin hira abin ya shiga jininsa. King Solomon's Mines na Rider Haggard ya fito a 1885, shekarar da aka tashi daga taron Berlin, yana ba da labarin Turawa uku da suka ratsa ƙasar baƙar fata neman taskar da wasu fararen mutanen dā suka bari. Tarzan ya biyo baya a 1912 daga alƙalamin Edgar Rice Burroughs, wanda bai taɓa taka Afirka ba: jaririn Bature da birai suka rena ya tashi ya fi duk mutanen dajin sanin dajin. Yaran Beljiyam da Faransa kuwa suka tashi da zanen Tintin a Kwango tun 1930, inda baƙar fata ke da leɓe kamar faranti da hankalin ƙaramin yaro. Waɗannan na kasuwa ne, ana iya cewa shirme. Wanda ya fi ɓarna shi ne wanda ya fi su gwaninta, Heart of Darkness na Joseph Conrad, da aka fara bugawa a 1899, domin shi ake karantarwa a jami'o'i a matsayin gwanin gwanaye. A duk tsawon littafin babu ɗan Kwango ko ɗaya mai suna. Ana ganin gaɓoɓi da idanuwa da tsalle-tsalle a bakin kogi, ana jin ihu da gurnani, amma ba a jin magana. Sau biyu kawai aka sa musu kalmomin Ingilishi a baki, na farko mai cin naman mutane ne ke neman a ba shi wanda zai ci, na biyu yaro ne ke sanar da mutuwar Bature. Chinua Achebe ne ya fito da wannan fili a laccar da ya yi a jami'ar Massachusetts a 1975, ya ce an mayar da nahiya guda da mutanenta dandalin da za a nuna taɓuwar hankalin Bature ɗaya.

Masu kare Conrad suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce littafin tonon asiri ne ga zaluncin Sarki Leopold na Beljiyam, ya nuna kwaɗayin hauren giwa da mutanen da aka ɗaure da sarƙa suna mutuwa a gindin bishiya, kuma mai ba da labarin daban, marubucin daban. Sun ƙara da cewa mutumin zamaninsa ne, bai kamata a auna shi da mudun yau ba. Rabin farko gaskiya ne, Conrad ya ƙyamaci abin da ya gani a Kwango a 1890. Amma tausayi daban, ganin mutum a matsayin mutum daban. Ana tausayin jakin da aka labta wa kaya fiye da kima, ba a tambayarsa ra'ayinsa. Batun zamani kuwa, a wannan shekara ta 1890 wani baƙar fatar Amurka, George Washington Williams, ya bi kogin nan, ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa yana lissafa laifuffukan da ake yi wa mutane masu sarakuna da dokoki da haƙƙi a kan ƙasarsu. Roger Casement, wanda Conrad ya sadu da shi a Matadi, ya zauna da mutanen ƙauyuka ta bakin tafinta ya rubuta shaidarsu a rahotonsa na 1904. Zamani ɗaya ne, kogi ɗaya, amma waɗannan sun ji magana a inda Conrad ya ji gurnani. Ashe mudun ma na zamanin ne.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Mister Johnson na Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, galibi a ƙasar Borgu, daga 1913 zuwa 1920. Littafin ya fito a 1939, an gina shi a wani ƙagaggen gari mai suna Fada. Johnson akawu ne ɗan kudu, mai dariya da waƙa da cin bashi, wanda ke son Ingila fiye da ransa, yana bautar Baturensa Rudbeck da zuciya ɗaya. Ya yi sata, ya kashe wani Bature mai kanti, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa, kuma aka nuna harbin a matsayin alheri na ƙarshe tsakanin ubangida da bara. Mutanen garin kuwa, daga waziri zuwa talaka, ko maƙarƙashiya ko dolanci. Mujallar Time ta Amurka a 1952 ta ɗauke shi a matsayin littafin hira mafi kyau da aka taɓa rubutawa a kan Afirka. Da aka ba ɗaliban kwalejin jami'a ta Ibadan su karanta, cikinsu har da Achebe, ba su ga kansu a ciki ba, ba su ga wani da suka sani ba, kuma wannan takaici yana cikin abin da ya haifi Things Fall Apart a 1958. Yanzu a dubi abin da ke gudana a ƙasar a shekarar da littafin Cary ya fito. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, editanta Abubakar Imam, wanda ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara sun kai shekara biyar a hannun masu karatu. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata suna rera su a cikin gidaje. Za a ce Cary ya bar ƙasar tun 1920. To malamai da alƙalai masu yanke hukunci da Risala da Muhtasar ai suna nan tun kafin ya zo, kuma a kansu mulkin da yake wa aiki ya jingina. Littattafan su Imam ma a ƙarƙashin ofishin Bature, Rupert East, aka buga su. Turawan mulki sun san da waɗannan mutane sarai. Kasuwar littafi a Landan ce ba ta da buƙatarsu, Johnson take so.

Daga takarda hoton ya sauko titi. A 1897 aka kai 'yan Kwango 267 garin Tervuren kusa da Brussels, aka zuba su a bukkoki jama'a na kallo, bakwai suka mutu a can. A 1906 aka ajiye Ota Benga a ɗakin birai na gidan namun dajin Bronx a New York, bayan shekara goma ya kashe kansa. Har a baje-kolin duniya na Brussels a 1958 an kafa ƙauyen 'yan Kwango a bayan shinge, kuma wasu daga cikin yaran da iyayensu suka kai kallo suna raye yau. Saboda haka da wani babban sanatan Italiya ya kwatanta ministar ƙasar, Cécile Kyenge, haifaffiyar Kwango, da biri a 2013, aka kuma jefe ta da ayaba a wurin taro, ko kuma in 'yan kallo suka yi wa baƙin ɗan ƙwallo kukan biri a filin wasa, gado ne ake ci. Akwai ma wanda ba ya ihu amma ya fi illa. Wani bincike da aka yi a jami'ar Virginia a 2016 ya gano cewa kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙage ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri, kuma masu wannan imani sun fi raina zafin ciwon da baƙin majinyaci yake ji.

Sai kuɗin goro, wanda shi ne ya fi yawa a bakin mutanen kirki da ba su da niyyar cin zarafin kowa. Nahiya mai ƙasashe 54 da harsuna wajen 2,000 ta zama ƙauye ɗaya mai zaki a bayan gida, har ɗalibin da ya fito daga Legas ko Yamai ake tambayarsa ko yana jin yaren Afirka. Taswirar Mercator ta 1569 da ke rataye a azuzuwa tana nuna Girinland kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Da cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, masu yawon buɗe ido suka yi ta soke tafiya Kenya da Afirka ta Kudu, alhali Konakiri ta fi kusa da Faris a kan Nairobi. Wata kwaleji a jihar Texas ta ƙi karɓar ɗaliban Nijeriya saboda cutar, a daidai lokacin da Nijeriya ke gab da murƙushe ta bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh wadda ta hana majinyacin farko fita daga asibiti. Ko taimako ma da wannan ido ake yin sa. Waƙar da mawaƙan Birtaniya suka yi a 1984 don tara wa Habasha kuɗi lokacin yunwa ta tara kuɗin, ta kuma ceci rayuka, amma ta zana nahiyar a matsayin wurin da ba ruwa ba shuka, tana tababar ko mutanen sun san lokacin Kirsimeti, a ƙasar da sarkinta Ezana ya karɓi Kiristanci tun ƙarni na huɗu, kafin kakannin Ingilishi su karɓa.

A nan wani zai ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaƙin Sudan ba Conrad ne ya rubuta shi ba, yunwa da satar dukiyar jama'a da 'yan bindigar da suka hana manoman Zamfara zuwa gona duk gaskiya ne, kuma ɗan jaridar da ya ɗauko labarinsu bai yi ƙarya ba. Haka ne, kuma duk wanda ya ɓoye waɗannan da sunan kare mutuncin Afirka ya ci amanar waɗanda abin ya shafa. Matsalar tana wurin bayanin dalili. In Turai ta yi yaƙi, ana neman sababinsa a siyasa da tattalin arziki da yarjejeniyoyi. Yaƙin duniya na biyu ya ci rayuka sama da miliyan 50, ba wanda ya ce halin Bature ke nan. In Afirka ce, kalma ɗaya ta wadatar: ƙabilanci. Kisan Ruwanda, wanda aka shirya da jerin sunaye da gidan rediyo da makaman da aka shigo da su, an fara ba da labarinsa a matsayin tsohuwar gaba ta ƙabilu. Yunwar Habasha ta 1984 an nuna ta kamar fari ne kawai, aka rage maganar yaƙi da manufofin gwamnatin Mengistu. Abin da aka ce hali ne ba a neman mai laifi a cikinsa, ba a tambayar wa ya sayar da makami, a wane banki aka ɓoye kuɗin. Kuma hoton yana da farashi. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙasashen Afirka za su iya tsimin dala biliyan 74 da ɗoriya da a ce kamfanonin da ke auna cancantar cin bashi sun rage dogaro da zato. Da masanan Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron a ƙarshen 2021 suka sanar da duniya, ladan da ƙasarsu da maƙwabtanta suka samu shi ne rufe musu ƙofa, alhali cutar ta riga ta shiga Turai. Jahilin ba ya asarar komai, wanda aka jahilta ne ke biya, to me zai sa jahilin ya yi gaggawar koyo?

Wasu kuma na cewa an wuce wurin: Wole Soyinka ya ci kyautar Nobel a 1986, Abdulrazak Gurnah a 2021, jawabin Chimamanda Adichie na 2009 kan haɗarin labari guda miliyoyi sun saurare shi, mawaƙan Legas suna cika filayen Landan. An samu sauyi, ba shakka. Amma ƙofar har yanzu a hannun mai gida take, kuma da harshensa ake sallama. Kano ta fitar da dubban littattafan hira da Hausa tun daga shekarun 1980, da yawansu mata suka rubuta, mata suke karantawa, a kan aure da kishi da gado da karatun 'ya mace. Da aka tashi fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Ingilishi a 2012, wani ƙaramin kamfani ne a Indiya ya buga shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa kowace al'umma tana yi wa wata kuɗin goro, mu ma ba mu tsira ba. Laifi tudu ne. Bahaushe yana da sunayen raini da yake kiran maƙwabtansa na tsakiyar Nijeriya da su, kakanninmu sun kama bayi sun sayar ta Sahara, a kudu kuma kalmar aboki ta koma zagi a bakin wasu, ana nufin jahili mai gadi ko mai tura baro. Man bilicin da ya cika kasuwanninmu shaida ne cewa mudun Seligman ya shigo har ɗakin amarya. Labarin Chadi ko Mali ma sau da yawa sai ya biya ta Faris ko Landan kafin ya iso Kano. Duk wannan abin kunya ne da ya wajaba a faɗa. Amma bai mayar da ɓangarorin biyu daidai ba, domin zaton Bahaushe game da Bature bai taɓa hana Bature biza ko ƙara masa kuɗin ruwa ba, ba a kuma karantar da shi a jami'a da sunan kimiyya. Bahaushe ma ya je Turai ya kalle ta ya ba da labari. Dorugu, yaron da aka kama bawa a ƙasar Damagaram, aka 'yanta shi, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa: yadda aka raba shi da iyayensa, ƙetare Sahara, jirgin ruwa, da yadda Turawa ke zaman cin abinci. Ya kalle su da ido mai lura, ya faɗi abin da ya ba shi mamaki, bai ce ba mutane ba ne. An buga labarin a cikin Magana Hausa a 1885, shekara ɗaya da littafin Haggard. Na Haggard ya yi ta sayuwa, aka mayar da shi fim sau da yawa. Na Dorugu ya fito da sunan Schön a bango, ya zama littafin koyon Hausa ga 'yan mishan da jami'an da za a turo su mulki ƙasarsa. Shi kansa ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 jami'ar Yale ta fitar da labarin a matsayin tarihin rayuwar mutum da ya faɗa da bakinsa, shekara 59 bayan an binne shi.